Tsohuwar Marsandi mai batir a zafin Jidda da Makka: yadda ake riƙonta

Wanda ya cire injin fetur daga tsohuwar mota ya saka mata na lantarki, maganarsa ta farko ita ce ya huta da gareji. Ya huta da wasu abubuwa kam. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kafireto, babu salansa mai ruɓewa. Sai dai motar da aka ƙera a 1982 tana nan da ƙafafunta da birkinta da robobinta na 1982, ga shi kuma an ɗora mata kayan da ba sa ga maciji da rana. A Turai, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, sanyi ne abin tsoronsu. Mu nan Hijaz zafi ne ke yanke hukuncin komai, tun daga irin batirin da za a saya har zuwa lokacin da za a jona caji. Shawarar da aka rubuta don Landan, in aka kwashe ta yadda take aka kawo Jidda, batir ne zai biya kuɗinta.

Don magana ta zauna a kan abu guda, bari mu ɗauki Marsandi W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, kuma har yau ana samun ta a Haraj, kasuwar tsofaffin motoci, kayanta kuma a tashlihi, wato wurin kwance tsofaffin motoci, na Briman a Jidda ko na Ha'ir a Riyad. Haɗin da aka fi yi wa mota mai irin nauyinta shi ne a bar giyabos na hannu a wurinsa, a ɗaura masa injin lantarki irin HyPer 9 na kamfanin NetGain, mai ƙarfin doki kusan 120, sannan a jera tubalan batir biyar na Tesla Model S, waɗanda masu sana'ar ke kira modul. Kowane tubali yana da nauyin kilo 25 ko kusa da haka, yana riƙe da kilowat-awa 5 da ɗan ɗoriya, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi 444 da aka haɗa rukuni shida. Biyar ɗin sun ba da rukuni 30, wajen volt 114, kilowat-awa 26. Duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan yake. Mai Cressida ko Datsun ko Fijo 504 sai ya sauya alƙaluman da nasa.

Batirin lithium a tsaye yake tsufa, ba sai ana tuƙi ba. Abu biyu ne ke cin sa: zafi, da zama a cike. In suka haɗu, wato mota ta kwana a caji ta cika fal sannan ta wuni a rana, nan ne ɓarnar take. Ƙa'idar da masana sinadarai ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar. Batirin ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 35, kuma takardun irin waɗannan ƙwayoyi ba su yarda a yi musu caji sama da digiri 45 ba. To, a watan Yunin 2010 an auna digiri 52 a Jidda, a hajjin 2024 kuma an auna 51.8 a Makka, duk a inuwa. But ɗin motar da aka ajiye a kan kwalta da azahar yana wuce 60 cikin sauƙi. Saboda haka rumfa ba ado ba ce ga wannan mota, tana cikin kayan haɗinta. Wanda ba shi da inuwar da zai ajiye ta kullum, a ganina ya haƙura da aikin tun kafin ya sayi noti ɗaya.

Saitin da ya dace da mu: a tsayar da caji na yau da kullum a volt 4.0 kowane rukuni, wato 120 gaba ɗaya, kusan kashi 80 cikin ɗari. A bar 4.1 don ranar doguwar tafiya, kuma a tashi da zarar ya cika. Ƙasa kuwa kada a bari ya sauka daga 3.3. Na'urar da ke gadin batir, BMS, a saita ta ta fara rage caji a digiri 40, ta yanke shi a 45, tuƙi kuma ta fara rage ƙarfi a 50. Masu haɗa mota da yawa suna barin saitin da na'urar ta zo da shi. Ka sa a buɗe maka kwamfuta ka ga alƙaluman da idonka.

Kuskuren da aka fi tafkawa a nan shi ne dogaro da lagireto. Tubalan Tesla suna da bututun ruwa da ke ratsa tsakanin ƙwayoyin, sai mai haɗi ya jona su da ƙaramin lagireto da fanka ya ce an gama. Lagireto ba ya iya sauke ruwa ƙasa da zafin iskar da ke bi ta cikinsa. In iskar titi tana 46, ruwan da zai koma wa batir 48 ne ko 50. Batirin da ya kwana yana 36 da safe, kana kunna famfo da hantsi dumama shi kake yi. Maganin shi ne a saka ƙaramin musayar sanyi da ke jone da gas ɗin mukayyif, wato na'urar sanyaya cikin mota, mai nasa bawul, ta yadda ruwan batir zai bi ta nan ya sauko ƙasa da zafin waje, sannan a sa bawul mai hanya uku da zai kauce wa lagireto duk lokacin da waje ya fi batir zafi. Layin ruwan batir kuma a raba shi da na kwantirola, na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, domin ita tana jure 60 ba ta damu ba, shi kuwa ba zai iya ba. A raba ruwa ga tubalan biyar kowanne da nasa reshe. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ruwan da ya riga ya ɗumama yake sha, shi ne kuma zai riga sauran mutuwa. Ruwan da ake zubawa rabi gilaikol ne rabi tataccen ruwa irin na batir. Ruwan famfo ko na wayit, wato tankar ruwa, yana barin gishiri a bututun alminiyam. A duba yawansa duk mako. In ya ragu ko da yatsa ɗaya, a nemo inda ya tafi kafin a ƙara wani, don mafi munin wurin da zai tafi shi ne cikin akwatin batir.

Wani zai ce a nemi batir mai sauƙin kuɗi. Na tsohuwar Nissan Leaf yana da araha kuma yana da sauƙin jerawa, amma ba shi da hanyar sanyaya ko kaɗan, kuma tun 2012 masu Leaf a birnin Finiks na jihar Arizona suka yi ta kukan raguwar zangon motocinsu saboda zafi. Yanayinsu da namu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Irin batirin lithium da ake kira LFP ya fi kowa jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, sai dai nauyi. A nan ma akwai tarko: manyan ƙwayoyin nan masu amp-awa 280 da suka cika kasuwa don sola aka yi su, abin da aka yarda su bayar a jere bai wuce amp 280 ba, alhali kwantirolar HyPer 9 tana iya neman 750 a lokacin tashi ko hawa. Za su yi aiki, amma suna kumbura da wuri.

Caji a gida

Soket ɗin gidajen Saudiyya mai ƙafa uku an rubuta masa amp 13, a volt 230. Wannan na tulun shayi ne na minti biyar. Mota kuwa awa shida take ja ba hutu, don haka kada a wuce amp 10 a soket na bango, wato kilowat 2.3. Daga kashi 30 zuwa 80 kilowat-awa 13 ne, zai ci awa shida da ɗan ɗoriya. Bayan awa ɗaya da jonawa, ka taɓa kan fulogin da bayan hannunka. Ɗumi babu laifi. In ba ka iya barin hannu a kai, ko ka ga robar da ke gefen ƙafar ta soma yin ruwan ƙasa, ƙarfen cikin soket ɗin ya saki, a sauya shi a ranar. Wayar ƙari ta nannaɗawa kuwa ba ta da wuri a wannan aiki sam.

Wanda ke da gidan kansa ko ya samu yardar mai gida, gara ya ja layi na musamman daga allon wuta: waya mai kaurin murabba'in milimita 4, birika mai amp 20, da na'urar yanke wuta in ta zurare wadda ta dace da cajin mota. Da caja mai kilowat 3.3, awa huɗu da rabi sun isa. A lura da tsofaffin gidaje, irin na Hindawiyya da Misfala da tsakiyar Jidda, waɗanda aka yi wa wayarin tun zamanin tsarin 127 da 220. A can, 220 ɗin daga tsakanin layi biyu masu wuta ake samo shi, kuma sau da yawa babu wayar ƙasa ko ta tsinke tuntuni. Caja mai kyau za ta ƙi tashi ta nuna jar fitila. Masu ƙaramin sani sukan yi mata dabara su rufe mata ido. Kada ka yarda. Jikin mota ƙarfe ne, yara kuma suna jingina da shi. A kira kahraba'i, wato mai aikin wuta, ya kafa sandar ƙasa ya auna ta.

Lokacin caji shi ne bayan tsakar dare zuwa asuba, da agogon da zai kunna da kansa. Jona mota da dawowa daga aiki, batir yana 43, ba dabara ba ce. Tashoshin caji mai sauri da kamfanin EVIQ da wasu ke kafawa ba za su amfane ka ba, domin galibinsu ba sa sauka ƙasa da volt 150 zuwa 200, naka kuwa 120 ne. Waɗanda za su karɓe ka su ne na AC masu kai irin Type 2, a saurin cajarka ta cikin mota.

Zango fa? Mota mai siffar akwati irin W123, da mukayyif a kunne, ka ƙiyasta mata kilowat-awa 20 a kilomita 100. Daga kashi 90 zuwa 15 kana da 19 da rabi, wato ƙasa kaɗan da kilomita 100. Za ta kai ka Makka daga Jidda, ba za ta dawo da kai ba sai ta sha wuta. A cunkoso kuma lissafin awa ake yi: mukayyif mai jan kilowat 2 yana cinye zangon kilomita 10 duk awa ɗaya ko da motar ba ta motsa ba. Ta fuskar kuɗi, wutar gida halala 18 ce (halala 100 ne riyal ɗaya) kowane kilowat-awa a matakin farko, ban da haraji, don haka kilomita 100 ba ta kai riyal 5 ba. Da fetur 91 a riyal 2.18, motar da ke shan lita 12 za ta ci riyal 26. Mai tafiyar kilomita 10,000 a shekara ya tsira da riyal dubu biyu da wani abu. Wannan ba zai taɓa mayar da kuɗin haɗin ba. Son motar ne dalili, kuma dalili ne isasshe, amma kada wani ya shiga da sunan tsimi.

Abubuwan da ke tsayar da ita a hanya

Ka koyi sautin tashinta. Murɗa makulli, rediyo a kashe, taga a buɗe. Za ka ji ƙas na farko, shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ƙas na biyu mai ɗan nauyi. Sannan famfon birki ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu ya yi shiru, famfon ruwa ya ci gaba da zuzu a hankali. Shirun da ke tsakanin ƙas biyun nan yana da aiki: a lokacin ne ake cika kafasitocin kwantirola a hankali ta cikin wata rizisto, kafin babbar kontakta, makunnin da ke haɗa babban batir da kwantirola, ta rufe. In rizistar ta ƙone ko rilenta ya mutu, wuta mai ɗaruruwan amp za ta afka lokaci guda ta narkar da bakin kontaktar ya manne. Alamar mannewa ita ce ka kashe makulli ba ka ji ƙas ɗin buɗewa ba. Motar da ta yi haka tana da wuta a manyan wayoyinta ko da makullin yana aljihunka.

In kuwa ka murɗa ka ji tsit, ko kontakta na ta kaɗawa kamar haƙoran mai jin sanyi, fara da ƙaramin batir mai volt 12. Shi ne ke rufe kontakta, shi ke tayar da BMS, in ya mutu babban batir ko yana cike ba shi da hanyar fitowa. A motar fetur kik ne ke tona asirinsa tun yana rauni. A nan babu kik, sai dai ya mutu rana ɗaya ba sallama. Zafinmu kuma ba ya barin batirin dalma ya wuce shekara biyu sai da sa'a. Ka rubuta ranar saye a jikinsa, ka sauya shi a wata na 18 zuwa 24 ko bai nuna komai ba. Abin da ya maye gurbin dinamo shi ne DC-DC, kuma da motar a kunne mita ta nuna 13.8 zuwa 14.2 a kan ƙaramin batirin. Gwada shi da dare da kaya duka: manyan fitilu, fankar mukayyif a ƙarshe, sitiyari a murɗe har ƙarshe. Famfon sitiyari na lantarki shi kaɗai yana iya fizgar amp 60 ko fiye. DC-DC da bai kai kilowat ɗaya ba ya yi wa wannan mota kaɗan.

Birki ya fi komai cancantar natsuwa. Tulun da ke sauƙaƙa taka birki, wanda a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, za ka ji ana kira bakim, da zuƙar iskar injin fetur yake aiki. Injin ya tafi, sai aka sa famfon lantarki da tankin ajiya da bawul mai hanya ɗaya da makunnin da ke tayar da famfon in zuƙar ta ragu. Gwajin kowane mako ba ya cin minti biyu. Kunna mota, bari famfo ya yi shiru, kashe ta, jira minti goma, sannan taka birki: ya kamata ka samu taku biyu ko uku masu laushi kafin feda ta yi tauri. In ta yi tauri tun farko, akwai yoyo. In kuma famfon na tashi da kansa duk rabin minti ba ka taɓa birki ba, yoyon babba ne, kuma famfon da ba ya hutawa ƙonewa zai yi. W123 tana da nata hali a nan: makullan ƙofofinta ma da zuƙar iska suke aiki, ta siraran bututu masu shekara arba'in. A raba layinsu da na birki da bawul na daban, kada tsagewar roba a ƙofar baya ta cinye maka birki. A sa fitilar gargaɗi a dashbod. Man birki DOT 4 yana shan danshi, Jidda kuma garin danshi ce, don haka juye shi duk shekara.

Hanyar Hada, wadda ke hawa dutse daga Makka zuwa Ɗa'if, ita ce ke gwada duk wannan. Daga Makka zuwa saman dutsen hawan mita kusan 1,700 ne. Ɗaga mota mai kilo 1,500 zuwa can yana cin kilowat-awa 7, da asara ya kusa 8, ban da na tafiyar kanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na batirin ya tafi a hawa kawai. Haɗarin kuwa a saukowa yake. Direban tsohuwar mota ya saba sa giya ta biyu injin ya riƙe masa. Injin lantarki ba ya riƙe komai sai ta hanyar mayar da wuta cikin batir, batirin da ya cika ko ya yi zafi kuma BMS ba za ta bari a tura masa ba. Ka ɗauka mutum ya kwana a Ɗa'if, ya cika batir fal don kada ya tsaya a hanya, ya kama gangara da safe da iyali a baya. Ya ɗaga ƙafa daga totur, motar ta ci gaba da sulalewa kamar an taka kuloci. Tun daga lanƙwasa ta farko har ƙasa a kan birki kaɗai yake, da nauyin da ya fi na asali, har sai ya fara jin ƙaurin fata kuma feda ta soma nutsewa. Kada a fara wannan gangara da batir sama da kashi 65. Gangarar da kanta za ta mayar maka da kilowat-awa uku ko huɗu.

Wannan rashin riƙo yana nan ko a tsaye. Barin mota a giya ba ya hana ta gangarawa, domin injin lantarki juyawa yake yi sakaka. A unguwannin Makka masu tudu, birkin ajiya ne kaɗai tsakaninka da bangon maƙwabci. A W123 ƙananan takalma ne a cikin faifan baya. A sauya su da wayarsu, a saita, a riƙa juya taya zuwa gefen titi, a ajiye katakon tokare a but.

Injin lantarki yana ba da dukkan ƙarfin murɗarsa tun daga tsaye, abin da tsohon injin bai taɓa yi ba. Masu shan wahalar su ne faifan roba biyu na shaf, robobin da ke riƙe da difiransha, da kuloci. A saita kwantirola ƙarfin ya riƙa hawa a hankali, a tashi da giya ta biyu, ta uku ta isa yawon gari. Duk wata shida a ɗaga mota a duba faifan robar da tocila. Tsaga a kusa da ramin noti na nufin sauyi. Ƙugi ko jijjiga da ke ƙaruwa da gudun injin, ba da gudun taya ba, yakan nuna farantin da ya haɗa injin da giyabos bai zauna daidai tsakiya ba, kuma kaucewar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita tana cinye boris ɗin giya cikin 'yan watanni. A auna nauyin gaba da na baya a sikeli a gwada da abin da ke rubuce a farantin motar, don tubalan da aka tura but suna zaunar da sifirin baya. In ta lalace a hanya, saɗha za a kira, wato motar da ke ɗaukar mota a bayanta. Jan ta da igiya tana cikin giya yana mayar da injin janareta, wutar da zai haifar kuma tana iya kashe kwantirola.

Duk wata shida, manyan mahaɗan wuta. Noti ɗaya da ya ɗan saki ya ƙara turjiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na om ba, a amp 300 zafin wat 90 yake haifarwa a wurin da bai fi kan yatsa ba. Zafin rana da sanyin dare da jijjigar hanya su ke kwance shi. In ka buɗe za ka gane shi: jan ƙarfen ya koma shuɗi-shuɗi ko baƙi, robar lemo da ke rufe da wayar ta ƙanƙance ta yi ƙyalli, akwai ɗan wari kamar na ƙonannen filastik. Bayan tuƙi mai ƙarfi a bi mahaɗan da ma'aunin zafi na nesa. Wanda ya fi 'yan'uwansa da digiri 10 shi ne mai laifi. A ɗaure da sufana mai auna ƙarfi bisa adadin da maƙerin ya rubuta, a ja layin fenti daga noti zuwa ƙarfe don gaba ido kaɗai ya isa.

Wannan aiki ba a yin sa da garaje. Duk abin da ya wuce volt 60 na DC ana lissafa shi mai kisa, gumi kuma yana ƙara masa hanya. A kashe mota, a zare makulli, a cire ƙafar ƙaramin batir, a zare babban fulogin raba batir a sa shi a aljihu, a jira minti biyar zuwa goma kafasitoci su huce. A gwada mitar a kan abin da aka san yana da wuta, a auna, a sake gwada ta. Safar hannu ta roba mai lambar volt 1,000, a hura ta a ga ba ta yoyo. A cire zobe da agogo. Sufana a naɗe take, ban da bakinta. Ko an raba, kowane tubali yana nan da wutarsa, kuma sufanar da ta faɗa tsakanin ƙafafunsa narkewa za ta yi. Kafin a kwance kowace mahaɗa tsakanin tubala, a fara zare fulogin siraran wayoyin BMS, in ba haka ba ta nan wutar za ta bi ta ƙone ta. Kuma kada mutum ya yi shi kaɗai a gareji.

Sau ɗaya a wata a karanta rukunai talatin ɗin bayan motar ta huta awa biyu. Bambancin milivolt 20 tsakanin na sama da na ƙasa lafiya ne. In ya wuce 50, kuma rukuni ɗaya ne kullum ke komawa baya, ruwa ba ya tsami banza. BMS tana daidaitawa da abin da bai wuce miliamp 200 ba, rukunin kuma ya haura amp-awa 200, don haka gyara gibin kashi ɗaya cikin ɗari yana cin fiye da awa goma. Haƙuri ake yi da shi. A riƙa rubuta alƙaluman a littafi da kwanan wata.

Babban batir ba ya taɓa jikin mota ta kowane gefe, haka aka tsara shi. Ƙura mai gishiri da danshin teku suna gina siririyar hanya a kan robobi har wuta ta fara zurarewa. Ma'aunin da ake bi shi ne aƙalla om 500 ga kowane volt, wajen 60,000 ke nan a nan, amma lafiyayyar mota miliyoyi take nunawa. In BMS ta fara kukan zurarewa da asuba ta daina da rana, danshi ne: a buɗe, a share da busasshen tsumma da iska mara ƙarfi, a duba robar murfi da ƙofar numfashin akwatin. A magsala, wurin wankin mota, a hana su kai bututun matsi kan akwatuna ko ƙarƙashin bonet. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ko ta Nuwamban 2022 ya san yadda hanyoyin ƙarƙashin gada ke cika cikin minti kaɗan. Ruwan da ya kai tsakiyar taya, a juya. Motar da ruwa ya shiga akwatinta ba a kunna ta, ba a caja ta, a ajiye ta a fili nesa da gini da wasu motoci kamar mita 15, domin irin wannan batir yana iya kamawa bayan kwanaki. Abin kashe gobara na hoda yana maganin waya da kujera ne kawai. In hayaƙi daga batir yake, a fitar da kowa, a ja baya, a kira difa'ul madani, masu kashe gobara, a 998.

Ga wata ɓarna da ake yi da kyakkyawar niyya. Kwamfiresar mukayyif ta lantarki tana da injinta a cikin gas da mai, don haka man da ba ya ɗaukar wuta take buƙata, irin POE. Man PAG na motocin fetur, ko ɗan abin da ya rage a bututun mai cika gas, ya isa ya jawo zurarewar da ba ta gyaruwa sai an wanke layin duka. A manna takarda da Larabci a kusa da bakin cikawa, kuma a tsaya a kan mai aikin.

Takardu kuwa a fara da su. Dokar hanya a Saudiyya ba ta yarda a sauya fasalin mota ba tare da bin ƙa'ida ba, istimara, takardar rajista, tana ɗauke da bayanan motar, fahas, wato binciken lafiyar mota na shekara, kuma zai ga babu injin babu salansa. A je Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, a nemi matsayinsu a rubuce kafin a kwance komai, a kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce. A adana tsohon injin da lambarsa, da rasit na kowane kaya, da zanen wayarin. Zanen nan a sa kwafi ɗaya a cikin motar, don ranar da za ta tsaya ba lallai wanda ya haɗa ta yana gari ba.

Saura masu tafiya gida hutu, Kano ko Damagaram ko Wad Madani, wata biyu ko uku. A bar babban batir a kashi 40 zuwa 60, wajen volt 3.7 kowane rukuni. A zare fulogin raba batir, a cire ƙafar ƙaramin, domin jan miliamp 50 kacal yana kwashe amp-awa 36 a wata ɗaya. A ƙara wa tayoyi iska kaɗan, a saki birkin ajiya a tokare da katako, a toshe ramukan da ɓera zai bi ya kai ga siraran wayoyi. Kada a bar ta a jone da caji, kada kuma a bar wa ɗan'uwa makulli da cewa ya riƙa ɗumama ta. Ba ta da abin ɗumamawa. In an dawo, a leƙa ƙarƙashinta a ga ko ruwa ya ɗiga, a caja ƙaramin batir daban, a karanta rukunai talatin ɗin a gwada da abin da aka rubuta ranar tafiya, sannan a mayar da fulogi. A murɗa makulli taga a buɗe, a ji ƙas biyun da gurnanin famfo, a taka birki sau uku kafin a fito da ita daga rumfa.